Wuyan Albasa

Tun kafin Hajiya Kulu ta isa bakin rudunta wari ya tare ta a hanya. Duk wanda ya taɓa sana'ar albasa ya san wannan warin, kuma ba ya fatan jin sa kusa da dukiyarsa. Ta buɗe kwaɗon. Sahun gaba albasa ce jajir, lafiya lau. Da ta zura hannu ciki sai yatsunta suka nutse cikin ruɓa. Ta duba katakon sama, ta duba na ƙasa, duk labarin ɗaya ne.

Rudu shi ne rumfar kara da ciyawa da mutanenmu ke ajiye albasa a ciki har ta yi daraja da damina. Tun da aka yi dam a Goronyo ruwa ya wadata, albasa ta yi yawa, sai ajiyarta ta zama ciwon kai, don rabi kan ruɓe kafin a kai kasuwa. Shi ne wata cibiyar binciken noma ta zo da dabara, ta zaɓi 'yan kasuwa uku su gwada: Kulu a Wurno, yayanta Alhaji Siddiƙu a Goronyo, da wani Alhaji Attahiru a Rabah. Aka gina wa kowa rudu iri ɗaya, aka koya masu abu ɗaya. Aka kuma turo wata Malama Khadija ta riƙa zagayawa da sikeli tana auna wanda ya yi aiki da ilimin da wanda ya saurara kawai. Wanda ya fi, shi za a danƙa wa babban ɗakin ajiyar da za a gina. Ranar awon ƙarshe kuwa ta kusa.

Kulu ta ce musanya aka yi mata, jiya da ta je sunan ɗan yayanta a Goronyo. Wurno ta ji, ta yi dariya. A majalisar masu kabu-kabu, wato 'yan acaɓa, aka ce tun da ake sata ba a taɓa jin ɓarawon da ya kawo kaya ba. A bakin kasuwa aka ce dama mace da hannu cikin sana'ar maza ƙarshenta ke nan, albasarta ce ta ruɓe take neman wanda za ta shafa wa kashin kaji. Asarar ba ta ƙona mata rai kamar wannan ba. Shekara da shekaru ana karɓar kayanta a kan kalmarta kawai, yau an wayi gari ana kiranta maƙaryaciya, kuma ɗan kasuwar da aka daina yarda da bakinsa ya gama.

Sai ta aika a kira mata Sodangi.

*

Sodangi taubashin mahaifiyarta ne, tsohon maharbi, kuma mai bin sawun da ake ɗauka har Isa da Sabon Birni in an kore shanu. Mutum ne mai gajen haƙuri da surutu. Da ya iso, abin da ya fara yi shi ne korar 'yan kallo, waɗanda suka riga suka tattake ƙofar rudun kamar an yi dambe a wurin.

"Kwaɗon ƙalau kinka iske shi?"

"Ƙalau, Kawu."

Ya zagaya baya. Can ya ga an kwance zana an mayar an ɗaure, ɗauri mai kyau, na wanda ba ya sauri. Ƙasar fadama da damina laka ce mai riƙe duk abin da ya taka ta, kuma babu kowa a wurin, don jama'a duk suna gonakin tudu suna noma. Ya durƙusa ya daɗe. Sawun raƙumi ne, ya zo ya koma, ya zo ya koma, tsakanin rudun da bakin kwalta. Tafin ƙafar baya ta hagu yana da tsaga.

"Taho ki gani. Wanga sawun zuwa na, wanga na komawa. Wane yah hi nutsewa?"

Kulu ta duba. "Dut ɗaya nika gani."

"To shi na. Ɓarawo wayam shika zuwa, shi koma da nauyi. Wanga da nauyi yaz zo, da nauyi yak koma. Gaskiyakki ta, musanya anka yi."

Hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo. Sodangi bai lallashe ta ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce mata sawu ba ya hana mutane magana, don gobe za su ce ita ta yi hayar raƙumin. Sai an kamo mai hannu a ciki.

*

Malama Khadija ta iso a kan babur, ta sa hannu cikin ruɓar ba tare da yatsina fuska ba. Wannan ya sa Sodangi ya ga girmanta. Ta ɗauko guda daga ciki, ta ɗauko guda daga sahun gaba, ta miƙa masa.

"Baba, dubi wuyansu."

Ta gaban wuyanta dogo ne, busasshe, a murɗe. Ruɓaɓɓiyar kuwa an yanke ta dab da kai, bakin a buɗe.

"Dabarar duka nan take," in ji ta. "Mun ce a bar ganyen bisa albasa har shi bushe da kainai, wuyan shi rufe. In anka yanke shi ɗanye, an buɗe ma ciwo ƙofa ke nan. Wata uku, wata huɗu, sai ruɓa."

Sodangi ya juya albasar a hannunsa. Ya tsufa a cikin masu albasa, amma bai taɓa kallon wuyanta ba, kuma bai ji kunyar faɗin haka ba. Ya tambaye ta ko za ta shaida cewa Kulu ta bi ƙa'ida.

"Na ga gonatta da idona, ganye na bushewa. Amma ranar awo abin da ke cikin rudu shi za ni aunawa, Baba. In nir rubuta abin da zuciyata ka so, awon bai da amfani ga kowa."

Ya jefa albasar biyu a aljihun 'yar shararsa, mai wari da marar wari, ya kama hanya.

*

Raƙumi mai tsagaggen tafi bai yi wuyar samu ba. A Lahodu yake, a gindin wata bishiyar bedi yana tuƙa, mai shi kuma, wani Gidaɗo, yana gyaran akala. Da ya ga Sodangi ya tsaya yana kallon ƙafar dabbar sai ya sha jinin jikinsa.

"Ni niy yi jigilar, ba ni musu. Da rana tsaka hwa, Baba, ba ɓoye ba! Wani direba yat tsai da ni bakin hanya, da mota cike da buhuna. Yac ce Hajiya ta ce a sauya mata kaya, mota ba ta shiga laka, makulli kuma ta tahi da shi Goronyo."

"Ka san shi?"

"Ban taɓa ganinai ba."

"Kai kuma hancinka mura shika yi? Ba ka ji wari ba?"

"Na ji. Nac ce masu arziki sun san abin da suka yi."

Sodangi ya yi tsaki. Irin mutanen nan su ne ke sa aikinsa wahala, ba mugunta gare su ba, tambaya ce ba su iya ba. Ya matsa masa ya tuna wani abu game da motar ko kayan. Can Gidaɗo ya ce buhunan duk suna da tambari da jan fenti, da'ira da ɗigo a tsakiya. Duk mai zuwa kasuwar albasa ya san wannan tambarin, na Alhaji Attahiru ne na Rabah.

*

Washegari Sodangi ya sauka a Rabah da tabbacin ya gama aiki. Ya iske Alhaji Attahiru a ƙofar gida, ƙato mai fara'a, yana cin gyaɗa. Ya ce yana son ganin rudun gwaji. Fara'ar ta ragu. Alhaji ya ce makulli ya ɓata, ya ce hanya da ruwa, ya ce a sha fura tukuna. Sodangi ya ce a ransa, ga shi nan.

Da aka buɗe rudun, awaki ne suka fito da gudu. Ko ɓawon albasa babu a ciki.

"Don Allah kak ka hwaɗa ma yarinyar nan mai sikeli," in ji Attahiru yana share zufa. "Tun kaka nis sai da tawa. Ni ban iya kallon kaya kwance wata da watanni, hawan jini gare ni. In za ta zo sai in aro ta maƙwabci in jera, ta auna ta tahi."

Sodangi ya rasa ko dariya zai yi ko zagi. Ya zo neman ɓarawo ya samu malalaci. Mutumin da ba shi da albasa ba shi da ruɓar da zai kai rudun wani. Ya tambaye shi buhunan.

"Buhuna? Ai tun da ba ni da abin zubawa nik kai su kasuwag Goronyo. Wa yas saye, Allah masani."

Sodangi ya hau motar Goronyo. Sawu ya ƙare a kwalta, tambari ya ƙare a kasuwa. Abin da ya rage masa albasa biyu ne a aljihu, kuma fasinjoji sai toshe hanci suke suna hararar sa.

*

Alhaji Siddiƙu ya tarbe shi hannu bibbiyu. Shi ne ɗan gaban goshin cibiyar, shi ake kai wa baƙi, shi ke tsayawa a taron manoma yana bayanin wuyan albasa har ya fi malaman iya faɗa. Ya ce abin da ya sami ƙanwarsa ya hana shi barci. Da kansa ya ja Sodangi zuwa rudunsa. Albasa ce a jere, jajir, kowace da dogon wuya busasshe. Sodangi ya zura hannu har gwiwar hannu, bai taɓo ruɓa ba. Ya yi masa barka, suka fito.

Ba a zuwa Goronyo a ƙi gaida Inna Uwaliya, mahaifiyar su Kulu, balle taubashi. Ya same ta a zauren ciki a kan tabarma.

"A'a, tsohon banza, ba ka mutu ba? Mi ka wari haka, ko kai na kar ruɓe?"

"Ke dai kawo tuwo, in kin iya har yanzu."

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Loma ɗaya ya yi ya ji ƙamshin gabu ya cika masa baki. Gabu dai ganyen albasa ne da mata ke yankowa ɗanye, su daka, su dunƙula, su shanya, ya yi shekara yana gyara miya. Ya yaba, ba don zolaya ba.

"Ai nawa na," in ji Inna tana gyara zama. "Ba na kasuwa ba. Tun ina amarya ban taɓa sayen gabu ba. Bana Kulu tas so ta kunyata ni. Nit tahi gonatta da mata za mu yanka, tat tare ni, wai masu ilimi sun hana. Ni! Har yau ban sake mata fuska ba. Siddiƙu ko, Allah shi yi mai albarka, yac ce Inna ga gona nan. Munka yanke ta tas, shataf da ita, kore shar. Ɗaki guda nic cika."

Lomar da ke hannun Sodangi ba ta kai baki ba. Ganyen da aka bari ya bushe a kan albasa ba ya yin gabu. Albasar da aka yi gabu da ganyenta kuma ba ta da dogon wuya. Gonar albasar Siddiƙu ɗaya ce, kowa ya sani. To albasar wa ya gama yabawa yanzu a rudu?

Ya ajiye lomar. Yaron nan a gabansa aka haife shi. Ya ƙarasa tuwon da ƙyar, ya roƙi dunƙulen gabu ɗaya, Inna ta ba shi uku tana masa gorin ba shi da mai yi masa.

*

Bai kira kowa ba sai da ya ga Kulu ita kaɗai.

"Na gano. Amma amsar cikin gidanku take. In kin ce in bari, sai in ce sawu ya ɓace mini, ba yau nih hwara ɓatad da sawu ba."

Ta gane ba tare da ya kira suna ba. Ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago idanunta sun yi ja, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Kawu, ya san ana ce mini maƙaryaciya?"

"Ya sani."

"Ya zo yac ce a bar hwaɗin haka?"

"Bai zo ba."

"To a hwaɗi."

*

Ranar awo aka taru a gaban rudun Siddiƙu a Goronyo. Ga mai unguwa, ga Malama Khadija da sikelinta, ga Attahiru yana ta murmushin marar gaskiya, ga Gidaɗo a rakuɓe, ga Kulu da mayafinta. Manoma da 'yan kasuwa sun yi da'ira. Kafin a ɗora buhun farko Sodangi ya nemi izinin magana.

Ya faɗi abin da sawu ya nuna. Ya wanke Gidaɗo, ya ce laifinsa rashin tambaya. Ya wanke Attahiru daga sata, ya bar shi da awakinsa, jama'a suka kwashe da dariya, Malama Khadija kuwa ba ta yi ba. Sannan ya shimfiɗa hularsa a ƙasa, ya ɗora albasa mai wuya, ya ɗora ruɓaɓɓiya, ya ɗora dunƙulen gabu a tsakaninsu.

"Malama, albasad da anka yi wanga da ganyenta, wace ta cikin biyun ga?"

Ta nuna ruɓaɓɓiyar.

"Siddiƙu, wanga gabun daga gidanka yah hito."

Siddiƙu ya yi dariya, amma dariyar ba ta zauna ba. "Haba Kawu. Mata na sayen lawashi ko'ina. Na maƙwabta na."

Da ya san abin da zai biyo baya da bai faɗi haka ba. Inna Uwaliya na bayan zana tare da matan gida, ta fito kallon ranar ɗaukakar ɗanta. Ba ta fahimci inda maganar ta dosa ba, abin da ta ji kawai shi ne an ce gabunta na saye ne, a gaban duk Goronyo. Ta yaye zana ta fito da sandarta.

"Na wa? Siddiƙu, ni za ka yi ma ƙarya ina raye? Ba kai kak kai mu gonakka da motakka ba? Ba mu munka yanke ta dut ba, ko kunyar shuka guda ba mu bari ba? A tambayi matanga!"

Inna ta dubi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, ta dubi hular da ke ƙasa, ta dubi rudun da ke cike da albasa mai dogon wuya. Sai a lokacin ta gane.

Siddiƙu ya zauna a kan buhu. Ba a matsa masa ba, da kansa ya yi magana, kansa a ƙasa. Ya ce bai iya ce wa mahaifiyarsa a'a ba, kuma a ransa bai taɓa yarda wuya kaɗai zai ruɓar da albasa ba, faɗa kawai yake a taro. Da ruɓa ta kama, ya tuna irin bakin da ya yi a gaban mutane, sai ya ga ba zai iya jure kunyar ba, ya sayi buhuna a kasuwa, ya tura direba a yi musanyar ranar suna. Ya ce ya ɗauka Kulu mace ce, in ta faɗi ba wanda zai yi mamaki.

Wannan kalmar ta ƙarshe ta fi satar zafi, kuma kowa a wurin ya ji haka.

Mai unguwa ya juya wurin Kulu ya tambaye ta ko a kira 'yan sanda.

"A'a, ranka shi daɗe. A auna albasata nan inda take, da sunana. In an ƙare, Gidaɗo shi ɗauke ta da raƙuminai. Yaya shi riƙa akala da hannunai, shi ratsa kasuwar Wurno da rana, duw wanda yat tambaya shi hwaɗa mai ta wa ta."

Malama Khadija ta ɗora buhun farko a sikeli. Kafin ta duba awon sai ta juya ta durƙusa a gaban tsohuwar, ta ce su ma da nasu laifin, sun hana yankan ganye ba su taɓa tambayar matan gida abin da suke yi da shi ba, kuma za ta kai wannan magana inda ya kamata. Inna ba ta ko dube ta ba. Ɗanta take kallo.

"Ƙanwakka ta ce mini a'a cikin idona, niy yi hushi da ita damina guda, ina sa maka albarka ina hana mata. Kai kac ce mini to, kas sa ni na zo na tona ka da bakina gaban mutane." Ta share ido da bakin gyale. "Da ka ce mini a'a, Siddiƙu. Da na yi hushin na huce."

Ta miƙa hannu ba tare da ta waiwaya ba. Siddiƙu ya yunƙura zai kama, ta janye.

"Ba kai ba. Kulu, taho ki kama ni, ƙahwahuna ba su ɗaukata."